Shagon dukawan Marwa da ya kama kasuwar Turai: abin da na saya da abin da na gani

Shekara uku ke nan ina sayen kayan fata a wani shagon dukawa da ke nan Marwa, a arewacin Kamaru, kuma tun kafin nan na san mai shagon, domin a rumfunan da ke gefen babbar kasuwa ya fara, yana zaune a kan buzu cikin sauran dukawa, yana ɗinkin takalma da alabe da tumtum kamar kowa. Yanzu ya bar rumfar, ya koma wani gida mai ƙofar ƙarfe inda ya jera kekunan ɗinki masu aiki da lantarki, kuma mafi yawan abin da ake ɗinkawa a gidan Faransa da Beljiyam yake tafiya. Ba zan ambaci sunan shagon ba, saboda a cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba na son ƙorafina ya zama ɓata suna ga mutumin da nake girmamawa. Zan dai riƙa kiransa Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa.

Abin da na saya a wurinsa cikin waɗannan shekaru shi ne jakar zuba takardu wadda nake zuwa aiki da ita kullum, da takalma ƙafa biyu, da gafaka guda da na sa aka ɗinka wa mahaifina don Alƙur'aninsa. A kan jakar zan fi tsayawa, domin ita ce ta fi shan wahala a hannuna. Na rataya ta a babur cikin ƙurar hunturu, ta sha zafin watan Afrilu wanda duk mutumin Marwa ya san yadda yake gasa komai, ruwan damina ya taɓa ta ba sau ɗaya ba, amma har yau zare ko ɗaya bai kwance ba. Idan mutum ya juya ta ya dubi ɗinkin zai ga tazarar da ke tsakanin huji da huji daidai take daga farko har ƙarshe. An kankare bakin fatar, an goge shi har ya yi santsi, an shafa masa launi, don haka ba ya tsatsa kamar yadda bakin jakunkunan rumfa ke yi bayan wata biyu. A wurin da maratayi ya haɗu da jikin jakar an ninka fata biyu an sake bin ta da ɗinki, kuma wannan ne gurbin da jakunkuna na da suka riƙa tsinkewa. Shafin ciki yadi ne mai kauri, ba a manna shi da gam kaɗai ba, ɗinka shi aka yi. Zif ɗin ma bai taɓa cijewa ba. A gaskiya ban taɓa riƙe aikin fata na Marwa da ya kai wannan tsabta ba, kuma duk wanda ya ce fitar da kaya waje bai ƙara wa Alhaji ƙwarewa ba, bai riƙe kayansa ba ne.

Takalman ba su kai jakar ba. Fatar sama tana da kyau, amma tafin roba ne da aka manna, kuma ƙafa ɗaya ta fara buɗe baki bayan damina guda. An gyara mini ba a karɓi ko dala ba, wannan kuwa na yaba.

Batun farashi shi ne wurin da mutumin gari zai fara jin bambanci. Na biya jaka talatin da biyar, wato sefa dubu talatin da biyar, a kan jakar takardun, alhali mai kama da ita a ido, a rumfunan kasuwa, ba ta wuce jaka goma sha biyu ba a lokacin. A shagon Alhaji babu ciniki, an rubuta kuɗin kowane kaya a ɗan kati, kuma da yuro ake fara lissafi sannan a mayar da shi sefa. Tun da yake an ɗaure sefa da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, lissafin ba ya motsi, kuma hakan ya sauƙaƙa masa hulɗa da masu sayensa na Turai ƙwarai, sai dai ya sa farashinsa ya rabu da aljihun Marwa baki ɗaya. Ban yi da-na-sanin kuɗina ba, domin da na riga na sayi jakar rumfa uku a cikin wannan lokaci. Amma malamin makaranta ko ɗan acaba da ke son ya yi wa matarsa kyautar Salla ba zai tsaya a wannan ƙofa ba, kuma a da irin waɗannan mutane su ne abokan cinikin Alhaji.

Ƙorafina na kaina a kan gafakar mahaifina ne. Na bayar da aikin a watan Satumba, na biya kafin alƙalami, aka ce in dawo bayan mako uku. Sai da na yi sawu biyar, kuma mako tara suka cika kafin in karɓa. Duk zuwan da na yi sai in tarar da gidan cike da kwalaye, yara suna ta ɗinkin jakunkunan mata iri ɗaya, launi ɗaya, domin kayan Kirsimeti ne na Turai kuma dole su bar Marwa a kan lokaci. A zuwana na huɗu Alhaji da kansa ya fito ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka yi mini haƙuri, ka kuma ba Baba haƙuri. Idan waɗannan kwalaye suka makara da mako guda, aikin shekara ne ya tafi." Na gane uzurinsa, domin na san hanyar da kayan ke bi: mota daga Marwa ta ratsa Garwa zuwa Ngaundare, tafiyar kusan kilomita ɗari biyar, daga nan jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Duwala, sannan takardun duwan, wato kwastan, da jiran jirgi. Duk da haka na fita da nauyi a zuciya, domin na fahimci cewa a wannan gida aikin ɗan gari sai an gama na baƙo. Da gafakar ta fito kuwa ta yi kyau, sai dai mahaifina yana karɓa ya kai ta hanci, ya ce wannan ba jimar Marwa ba ce.

Maganar tasa ce ta sa na fara bin diddigi, kuma abin da na gano shi ne ainihin dalilin wannan rubutu.

Aikin fata a Marwa bai taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Mahauci ne ke feɗe akuya ko tunkiya ko saniya, dillalin fata ya bi mayanka da kasuwannin ƙauye irin na Bogo ya tattaro, majemi ya saya ya kai Majema. Can ake jiƙa fata a ruwan toka don gashi ya saki, a shimfiɗa ta a kankare da kartaji, a tsoma ta a ruwan kashin tsuntsaye don ta yi laushi, sannan a zuba ta a ruwan bagaruwa da aka daka, a yi ta juyawa kwana da kwanaki har ta jemu. Bayan an shanya an shafe ta da man gyaɗa, sai rini: karan dafi don ja, gangamau don rawaya, kuloko don baƙi. Daga nan baduku ya ɗauka ya yanka ya ɗinka, mata a cikin gida su yi ado da zare da siraran fata, ɗan kasuwa ya baje a rumfa. Hausawa da Barebari da Fulani duk suna cikin wannan sarƙa, kuma ko da Fillanci ake ciniki, sunayen kayan aiki da yawa na Hausa ne. Abin da ya riƙe sarƙar shi ne bashi da amana. Kawuna majemi ne, kuma na taso ina ganin baduku ya zo ya zaɓi fata goma ko ashirin ya tafi da su ba tare da ya ajiye kuɗi ba, sai bayan kasuwar Litinin ya dawo ya biya. Idan wani baduku ya sami aikin da ya fi ƙarfinsa, raba shi yake yi wa maƙwabtansa na rumfa. Ana aron basilla da wuƙa, ana tura yaron wani ya koyi yankan takalmi wurin wani, kuma ranar suna ko jana'iza waɗannan mutane ne dai ke zaune a tabarma guda.

Masu yawon buɗe ido ne suka daɗe suna ciyar da wannan sana'a. Duk Baturen da ya zo ganin giwaye da raƙuman dawa a Waza, ko duwatsun Rumsiki, sai ya kwana a Marwa, kuma da wuya ya tafi bai sayi tumtum ko jaka ba. A watan Fabrairun 2013 aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, a watan Yulin 2015 kuma aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake cikin Marwa kanta, ƙafar baƙi ta ɗauke. Na ga dukawa da idona suna wuni a rumfa ba su yi cinikin sisi ba, wasu suka koma acaba, wasu suka tafi Yawunde da Duwala. A wannan hali ne Alhaji ya ce tun da mai saye ya daina zuwa, shi zai aika masa da kaya har gida. Ya fara da hotuna a WhatsApp zuwa ga tsofaffin abokan cinikinsa, daga nan wata mai shago a Faransa ta ba shi oda ƙarama, daga ita sai wata. Yarjejeniyar ciniki tsakanin Kamaru da Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2014, ta tabbatar wa kayan Kamaru shiga kasuwar Turai ba tare da harajin duwan ba, wannan ma ya taimake shi. Ba na ganin laifin mutumin da ya nemi mafita a lokacin da kowa ya rasa, kuma mutane fiye da goma da ke karɓar albashi a gidansa duk ƙarshen wata shaida ne a kan haka.

Sai dai mai sayen Turai ba irin ɗan yawon buɗe ido ba ne. Ɗan yawon buɗe ido jaka guda yake so, kuma idan launinta ya ɗan bambanta da na 'yar'uwarta, a wurinsa wannan ne kyawunta. Mai shago a Turai kuwa ɗaruruwa yake so, duk kaurinsu ɗaya, launinsu ɗaya da samfurin da aka aika masa, kuma ranar da aka yanka ita ce rana. Majemi ba ya aiki haka. Kowace kwatarniya da yadda take kama rini, fatar rani daban da ta damina, kuma cikin fata ashirin sai a sami biyar da wuƙar mahauci ta huda, ko kaska ta ɓata, ko aka yi wa dabbar lalas tun tana raye. Akwai kuma wari. Fatar da ba a wanke ta sosai ba, a busasshiyar iskar Marwa ba a jin komai, amma da zarar ta kwana a laimar Duwala ko a cikin kwantena sai ta tashi, wani lokaci har da fumfuna. Alhaji ya gaya mini cewa an taɓa ƙin karɓar kayansa gaba ɗaya saboda haka, kuma daga wannan asara ce ya juya ga fatar masana'anta, wadda ake kawo masa daga manyan majemun zamani na Kano. Tana zuwa a daidaice, da launin da ya zaɓa, tare da takardar gwaji. Takardar tana da muhimmanci, domin tun daga watan Mayun 2015 dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fatar da ke taɓa jiki idan wani nau'i mai cutarwa na kuromiyam, sinadarin da masana'antu ke jima da shi, ya kai miligiram 3 a cikin kowane kilo. Zif da ƙarafan maratayi da zare kuma daga Duwala suke zuwa, 'yan Sin ne. Idan aka duba da kyau, a cikin jakar da ke rataye a kafaɗata, hannun da ya ɗinka ta ne kawai ɗan Marwa.

Na je Majema na zauna da kawuna a kan wannan magana. Yana tsaye cikin rami, ruwan bagaruwa ya rine masa hannu har gwiwar hannu, ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ɗana, shekara goma sha biyar ina ba shi fata bashi, ban taɓa rubutawa ba. Ban ce dole ya saya a wurina ba. Amma da ya zo ya ce ga abin da Turawa ke so, mu gwada, da mun gwada." Wannan ne abin da ya fi ci musu rai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Rashin cinikin ya yi musu ciwo, domin Alhaji yana cikin manyan masu ɗaukar fatarsu, ga shi kuma ɗanyar fatar shanu ta yi tsada saboda masu kwasarta zuwa Nijeriya inda ake cin ta a matsayin ganda. Amma abin da ya fi haka shi ne, duk ilmin da Alhaji ya samo daga waje game da kauri da wari da tsayuwar launi ya tsaya a bayan ƙofar ƙarfensa, bai iso ramin jima ba.

Tsakaninsa da sauran dukawa ma igiyar ta yi sako-sako. A da idan oda ta yi masa yawa rabawa yake yi, yanzu ba ya iya rabawa, domin ɗinkin rumfa ba zai zo daidai da na gidansa ba, kuma zanen jakunkunan mallakar masu odar ne, sun sa shi ya yi alkawarin ba zai nuna wa kowa ba. Na ga an hana wani yaro ɗaukar hoton samfuri da wayarsa a gabana. Ƙwararrun hannaye uku ko huɗu da ke rumfunan kasuwa ya ɗauke su da albashi, iyayen gidansu na da suka wayi gari ba su da mai yanka musu takalmi. Har yanzu ana gaisawa, Alhaji yana zuwa jana'iza, yana aika gudummawa idan an yi haihuwa, ba wanda zai ce ya yanke zumunci. Amma zumuncin sana'a daban yake da na gaisuwa, shi a aron wuƙa da raba aiki da zaman rumfa yake rayuwa, kuma wannan ne ya ragu.

Adalci ne in faɗi inda igiyar ta ƙara ƙarfi. Matan da ke yi masa ado da zare a cikin gidajensu sun fi kowa cin moriyar fitar da kayan, domin adon nan shi ne abin da masana'anta ba ta iya yi, kuma shi ne ke sa mai saye a Turai ya yarda cewa kayan na Afirka ne. Yanzu suna da aiki kusan duk shekara, ana biyansu ta Orange Money ranar da suka kawo, ba sai an sayar ba. Yara biyu da suka koyi aiki a gidansa sun fita sun buɗe nasu, kuma na lura gogaggen bakin fata irin nasa ya fara bayyana a rumfunan kasuwa. Ya kuma daina taɓa fatar kada da mesa da guza kwata-kwata, saboda yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji ba ta barin irin waɗannan kaya su ƙetare iyaka sai da izini na musamman, kuma wannan abu ne da nake fata sauran dukawa su yi koyi da shi, domin namun dajinmu sun ragu.

Wurin da nake ganin Alhaji ya yi kuskure, kuma na faɗa masa baki da baki, shi ne ya bar abin da ya fi kowa da shi. Fatar masana'anta ana samunta a Kano, ana samunta a Indiya da Italiya, duk mai keken ɗinki a duniya zai iya sayenta. Jimar bagaruwa kuwa babu kuromiyam a cikinta tun asali, don haka dokar da ta tsoratar da shi ba ita ta fi shafa ba, kuma a Turai akwai masu neman fatar da aka jeme da itatuwa suna biyan kuɗi mai kyau a kanta. Matsalolinta guda uku, wato hujin wuƙa da wari da bambancin launi, duk masu gyaruwa ne a nan gida. Idan aka ƙara wa mahauci wani abu a kan kowace fatar da ya feɗe ba huji, zai kula da wuƙarsa. Idan aka ba majemi kuɗi tun kafin aiki, aka ce ya ƙara wanki, ya auna bagaruwa da mudu maimakon ido, ya rina fata hamsin a ruwa guda, zai yi. Wannan yana bukatar haƙurin shekara ɗaya ko biyu da asarar wasu fatu a gwaji, kuma mutumin da majema suka ɗauke shi bashi shekara goma sha biyar yana da halin ɗaukar wannan asara a yau. Ya saurare ni, ya ce akwai gidan majema ɗaya da har yanzu yake karɓar jar fatar akuya a wurinsu don tumtum da ƙananan alabe, kuma yana tunanin faɗaɗawa. Na ga fatun a ɗakin ajiyarsa, ba su fi ƙulli biyu ba a gefen tarin na Kano.

Ga wanda ke neman jakar aiki ko ta tafiya da za ta yi shekaru, kuma kuɗin bai fi ƙarfinsa ba, shagon Alhaji ne wurin zuwa, ban san na biyunsa a Marwa ba. Takalma gara a saya a rumfa, inda za a auna ƙafa a ɗinka tafin fata a rabin kuɗin. Mai son a yi masa aiki na musamman ya guji watannin Satumba zuwa Nuwamba, kuma ya nemi a rubuta masa ranar karɓa a rasit. Wanda kuma zai ba da oda, ya tambaya da wace fata za a yi, domin idan ba a tambaya ba ta masana'anta za a yanka.

Ni dai na koma makon jiya na ba da ɗinkin wata gafakar, wannan karo don ƙanin mahaifina. Na biya ta Majema na zaɓi jar fatar akuya guda biyu a wurin kawuna, na biya shi nan take, na naɗe su na kai shagon da kaina. Alhaji ya warware su a kan tebur, ya murza gefen ɗaya da yatsa, ya ɗaga ta ga hasken taga yana neman huji, bai samu ba. Ya kira babban yaronsa ya ce a ajiye su daban kada a haɗa da na kwali, sannan ya rubuta mini ranar karɓa, mako huɗu daga ranar.